Ba Kowane Tantani Ake Ƙwaƙulewa Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin matan da ke son a cire musu robar nono, tun daga Amurka har nan Legas, kuma ta iso Agege da Iyana Ipaja ta wayar hannu, kamar yadda komai yake isowa yanzu. Wai in za a cire robar, tilas a haɗa da tantanin da ya lulluɓe ta, a fito da su tare a dunƙule ba tare da an ɓarka tantanin ba. In kuwa aka bar ko ɗan ƙyalle a ciki, to an bar guba, an yi aikin banza. Macen da ta haɗiye wannan magana takan guji likitan da ya ce mata sai ya buɗe ya gani, ta tafi neman wanda zai yi mata alkawari tun bai ɗauki wuƙa ba. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma a garin da muke zaune kuskure ne mai iya cin rai.

Kada wani ya ce wannan ba matsalarmu ba ce. Matanmu suna zuwa Turkiyya da Masar da Dubai da Indiya, wasu ma ba sa wuce Lekki ko Ikeja, su dawo da roba a ƙirji, hijabi ya rufe, kunya ta hana magana. Wata don ado ta yi, bayan shayarwa ta kwantar da nono, gorin kishiya ko na miji ya ishe ta. Wata kuwa kansa ce ta ci nonon aka yanke, aka sake gina shi da roba. Kansar nono ita ce kan gaba cikin kansar da ke kama matan Najeriya, kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin masu ita fiye da 28,000 a shekarar 2020 kaɗai. Malamai sun daɗe suna raba gyaran abin da ya lalace da canza halitta, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda ya rasa hancinsa a yaƙi aka halatta masa na zinariya. Wannan muhawara tana da ranarta. Yau robar tana ciki, mai ita tana so ta fita, kuma haƙƙinta ne ta tashi daga gadon tiyata da lafiyarta.

Mene ne ma wannan tantani? Duk abin da aka dasa a jikin mutum, ƙarfen karaya ne ko na'urar daidaita bugun zuciya, jiki yakan kewaye shi da siririn naman tabo. Matan da suka taɓa sa ɗan robar tazarar haihuwa a dantse sun san shi ko da ba a gaya musu ba: ranar cirewa malamar asibiti takan ɗan tsaga wani farin abu kafin robar ta zamo waje, ta bar farin abin a wurin, kuma babu wadda ta taɓa cewa an bar mata guba a hannu. Tantanin nono haka yake. Jikin macen ne ya saƙa shi, namanta ne, ba a masana'anta aka yi shi ba. Sai dai ba iri ɗaya yake a kowace mace ba. Na wata siriri ne, mai laushi, har haske yana ratsa shi. Na wata yakan yi kauri ya matse robar, nono ya ƙandare ya haura sama, ya riƙa ciwo. Likitoci suna auna wannan matsewa da matakai 4 da ake kira da sunan likita Baker, kuma a mataki na ƙarshe akwai tauri da karkacewa da raɗaɗi. Wani kuma bayan shekaru masu yawa yakan tara alli ya bushe. Wanda ya ce magani ɗaya ne ga duka waɗannan bai duba majinyaciyarsa ba.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsoron matan nan yana da asali. Tun da likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara dasa robar siliko a birnin Houston a 1962, kamfanoni da likitoci sun sha ba mata kunya. A 1992 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta dakatar da robar siliko don ado saboda ƙarancin hujjar amincinta, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai 2006. A 2010 asirin kamfanin PIP na Faransa ya tonu: silikon masana'antu, wanda ba a yarda a sa a jikin mutum ba, yake ɗurawa a robarsa, kuma an riga an dasa wa dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama. Mai kamfanin, Jean-Claude Mas, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 4 a 2013. Sannan ga wata kansa ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira BIA-ALCL, wadda ba a naman nono take tsirowa ba, a cikin tantanin take, da ruwan da ke taruwa tsakaninsa da robar. An fara ba da rahotonta a 1997, FDA ta yi gargaɗi a 2011, kuma a Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye robarsa mai kaushin baya, Biocell, daga kasuwannin duniya. A lokacin FDA ta lissafa mata 573 da suka kamu, 33 daga ciki sun rasu, kuma mafi yawan waɗanda suka kamun robar wannan kamfani ce a jikinsu.

Ban da wannan akwai dubban matan da suka yi shekaru suna kukan gajiya, ciwon gaɓɓai, zubewar gashi, mantuwa, ƙuraje, likitoci suna sallamarsu da cewa damuwa ce kawai. Kukansu ne ya taimaka har a Oktoban 2021 FDA ta tilasta a riƙa sa babban gargaɗi a takardun robar, a kuma bi da mace kan jerin haɗurran kafin ta sa hannu. Ina tare da waɗannan mata. An raina su, kuma su ne suka yi gaskiya cewa robar ba abin wasa ba ce. Inda na rabu da su wuri ɗaya ne, amma babba: sun ɗauki aikin da aka tsara don kansa suka mai da shi farilla a kan kowa.

Cirewa a dunƙule, wadda likitoci ke kira en bloc, aikin masu yankan kansa ne. Ana yanko cutar da abin da ya kewaye ta, har da ɗan lafiyayyen nama, don kada ƙwayar cutar ta watsu a cikin rauni. Ga macen da gwaji ya tabbatar tana da BIA-ALCL, wannan shi ne maganin, kuma in an kama ta da wuri yawanci yakan wadatar. Babu mai jayayya a nan. Manyan ƙungiyoyin likitocin gyaran jiki na Amurka sun bayyana cewa wannan salon aiki na wadda ke da kansa ne ko ake zargin tana da ita. Ga sauran mata akwai hanyoyi uku: a cire tantanin duka ko da gunduwa-gunduwa ne, a cire wani sashe a bar wani, ko a zare robar a bar shi.

To wace ce ta fi warkar da gajiyar da ciwon gaɓɓan? An gwada. Likitoci biyu mata, Caroline Glicksman da Patricia McGuire, tare da abokan aikinsu, sun bi mata 150 a rukuni uku na 50: masu roba da ke fama da waɗannan alamomi, masu roba da ba su da ƙorafi, da waɗanda ba su taɓa sa roba ba. Sakamakon farko ya fito a 2022 a mujallar Aesthetic Surgery Journal. Masu ƙorafin sun sami sauƙi bayan an cire robar, sauƙi na gaske, wanda ya ɗore. Amma wadda aka fito da tantaninta cikakke ba a ɓarka ba, da wadda aka cire nata gunduwa-gunduwa, da wadda aka cire wa sashe kawai, sauƙinsu bai bambanta ba. A 2024 suka sake fitar da wani binciken kan matan da ba a taɓa tantaninsu ba sam, su ma suka sami sauƙi. Masu ra'ayin dunƙule sukan ce ai likitocin gyaran jiki ne suka yi binciken, gidauniyarsu ce ta biya. Gaskiya ne, kuma adadin matan ba shi da yawa. Amma a duba ina riba take. Doguwar tiyata ta fi gajera kuɗi. Likitan da ya ce ƙaramin aiki ya isa, aljihunsa ya rage wa. Su kuwa masu cewa sai an dunƙule, har yau ba su kawo bincike irin wannan da ya nuna nasu ya fi ba; hotunan tantani a kan faranti suke nunawa, da labaran waɗanda suka ji sauƙi, alhali waɗanda aka yi wa ƙaramin aiki ma sun ji sauƙin.

Da a ce babban aikin ba ya cutarwa, da sai in ce a yi, ko don kwanciyar hankali. Amma yana cutarwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayankar Oko-Oba ya ga mahauci yana raba tantanin da ya manne da haƙarƙari ya san aikin natsuwa ne, wuƙa tana bin ƙashi a hankali, kuma shi dabbar da ke gabansa ba ta numfashi, ba ta zubar da jini. Ita kuwa mace tana numfashi. Sau da yawa a bayan tsokar ƙirji ake cusa robar, saboda haka bangon baya na tantanin a kan haƙarƙari yake kwance, manne da ƙashin da siririyar tsokar da ke tsakanin ƙasusuwan. A ƙarƙashin wannan tsoka, ba nisa, rigar huhu ce. In wuƙa ta huda ta, iska ta shiga, huhu ya saɓe, sai an zura bututu a ƙirji an zuƙe iskar. Wannan haɗari ne sananne a wannan aiki, kuma yana faruwa a hannun ƙwararru ma.

Bangon gaba shi ma da nasa. Macen da robarta ta daɗe, ko wadda aka yanke wa nono saboda kansa, fatar da ta rage mata sirirya ce, kuma hanyoyin jinin da ke ciyar da fatar da kan nono suna kusa da tantanin. A kankare shi da ƙarfi, fata ta rasa jini, ta yi baƙi, ta mutu. Sannan ga faɗin yanka: roba da tantani a dunƙule ba sa fita ta ƙaramar ƙofa, sai an tsawaita tsagar a ƙarƙashin nono. Matan Amurka da suka yaɗa wannan ra'ayi galibinsu farare ne. Mu baƙar fata mun fi su saurin yin tabon nan mai tashi ya yi tudu, ya riƙa ƙaiƙayi, ya ƙi kwanciya, kuma ƙirji yana cikin wuraren da ya fi so. Budurwar da ba ta haihu ba, mai fatan shayarwa, ita ma tana da abin da za ta rasa in aka ɗebe mata nama fiye da ƙima. A ƙara da tsawon lokaci a ƙarƙashin allurar barci, da yawan jinin da ake zubarwa, da bututun tsane ruwa da za ta yi kwanaki tana yawo da shi. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Yanzu a sauko da maganar Iyana Ipaja. A ce huhu ya saɓe ko jini ya ɓalle a wani ƙaramin asibiti a saman bene, da yamma, lokacin da titin Legas zuwa Abeokuta ya cushe tun daga Abule Egba har Dopemu. Akwai jini a ajiye? Akwai ƙwararren likitan barci, ko dai wanda ya saba ne kawai? Akwai bututun ƙirji da wanda ya iya sa shi? In wuta ta ɗauke fa? Babban asibitin LASUTH a Ikeja yake, ba nisa a taswira, amma duk mazaunin Alimosho ya san taswira ba ta san gosulo ba. Likitocin gyaran jiki na ainihi kaɗan ne a ƙasar nan, wasu kuma sun bi ayarin masu ficewa waje, sai masu kwas na ɗan lokaci suka cika giɓin, suna talla a Instagram. A Afrilun 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani asibitin gyaran jiki a Lekki saboda ƙorafe-ƙorafe kan ayyukansa. Kuma ko Turai ba ta ba da tabbas: Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu a Oktoban 2005 a Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse, har kotun can ta hukunta likitan daga baya. Shawarar da aka ƙirƙira a inda motar asibiti ke isowa nan take, in an kawo ta nan ba tare da an auna ba, nauyinta ya ninka.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa wannan ra'ayi ya sami gindin zama a zukatanmu da sauri. Mun taso da tunanin cewa cuta datti ce da ake fitarwa. Wankin ciki, wankin mara, maganin da ke sa a kwana ana zaga bayi a ce yana aiki, mai magani a tashar mota yana nuna kwalba cike da abin da ya ce ya fito daga cikin wani. Idonmu yana son ya ga abin da aka fitar. In likita ya miƙo wa mace hoton wani jan ƙullin nama ya ce ga gubar nan an fitar duka, zuciyarta takan kwanta fiye da in ya ce mata ya bar bangon baya don yana manne da haƙarƙari. Na biyun ne ya tsare mata huhu, amma na farkon za ta yaba wa ƙawayenta. Masu neman kuɗi sun san haka. Ba ina cewa duk likitan da ke cire tantani duka mayaudari ba ne. Da yawa suna yi ne da hujja. Wanda nake zargi shi ne mai ba da tabbaci tun kafin ya buɗe, domin ba wanda ya san yadda tantani ya manne sai ya gani, kuma wanda ya yi alkawari zai ci gaba da kankara a inda ya kamata ya tsaya.

Akwai kuskure na ɗaya ɓangaren, kuma ina tsoronsa daidai da na farko: a tsaga, a zare robar, a ɗinke, ba tambaya ba gwaji, don aiki ne mai arha da sauri. Akwai tantanin da tilas ya fita. Wanda ya yi tauri yana ciwo, wanda ya tara alli, wanda ƙwayoyin cuta suka shiga, wanda robar siliko ta fashe a cikinsa ta jiƙe shi, wanda aka ga ƙari ko wani tsiro a jikinsa, duka waɗannan a cire su iyakar yadda za a iya ba tare da an taɓa huhu ko an kashe fata ba. Mai kauri in an bar shi yakan tara ruwa, ko ya rikita hoton nono daga baya. Mai roba mai kaushin baya kuwa, ko da ba ta jin komai, ta cancanci zama na musamman da likita. FDA ba ta ce kowace irinta ta je a cire ba, kuma babu hujjar da ta tabbatar cewa cire tantani yana kawar da haɗarin kansar kwata-kwata, amma in ta zaɓi cirewa, ɗebe abin da ke ɗebuwa cikin aminci ra'ayi ne mai ƙarfi.

Abin da ya fi muhimmanci kuma aka fi mantawa shi ne gwaji kafin wuƙa. Nono ɗaya ya kumbura haka kawai bayan shekara guda ko fiye da sa roba, wannan ita ce alamar da BIA-ALCL ta fi zuwa da ita, galibi bayan shekara 8 zuwa 10. Irin wannan mace ba gadon tiyata za ta fara hawa ba. Sikanin za a yi mata, a zuƙo ruwan da allura, a kai ɗakin gwaje-gwaje a nemi alamar da ake kira CD30. In kansa ce, sai a shirya aikin dunƙulen da kyau, tare da likitocin kansa, a babban asibiti irin LUTH ko LASUTH, ko na Malam Aminu Kano ko na Shika in gida za ta koma. In ba ita ba ce, an tsirar da ita daga yankan da ba ta buƙata. Mai robar siliko ma ko ba ta jin komai, shawarar FDA ita ce ta yi sikanin ko hoton MRI bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 ko 3, domin robar takan fashe a ciki ba tare da an ji ba.

A nan matanmu suke da rauni na musamman. Wadda ta yi aikinta a Istambul ko Alƙahira a ɓoye, ta dawo cikin mako guda, sau da yawa ba ta da katin da ke ɗauke da sunan kamfanin robar da lambarta da irin bayanta, ko kuma ta yaga shi don kada maigida ya gani. Sai ta zo wurin likita a Legas ba ta san ko mai santsi ce ko mai kaushi ba, siliko ne ko ruwan gishiri, a gaban tsoka ko a bayanta. Waɗannan su ne abubuwan da ke yanke hukunci kan tantanin. Hajiya, kafin ki yi jayayya da likita kan dunƙule, ki nemo wannan kati, ki rubuta wa asibitin da ya yi miki aikin. Ki duba sunan likitan a rajistar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ki tambaya ko HEFAMAA, mai sa ido kan asibitocin jihar Legas, ta yi wa wurin rajista. Ki tambaye shi me zai yi in ya tarar tantanin ya manne da haƙarƙari, ki saurari amsar da kyau. Kuma ki tafi da wani naki, miji ko 'yar'uwa, domin macen da ta shiga tiyata ba wanda ya sani ba ta da mai nemo mata jini in aka buƙata.

Su ma hukumomi da aikinsu. HEFAMAA da MDCN da ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta ƙasa, NAPRAS, ya kamata su hana tallar da ke yi wa mata alkawarin cirewa a dunƙule ba tare da gwajin kansa ba. Su wajabta wa duk wanda ya dasa roba a Najeriya ya ba mai ita kati, ya kuma ajiye kwafi. Su wajabta a kai duk tantanin da aka cire ɗakin gwaje-gwaje, maimakon a ɗauke shi hoto a jefa a kwandon shara, musamman tun da a Satumban 2022 FDA ta sanar cewa an ga wasu nau'o'in kansa daban, ko da yake ba su da yawa, su ma a cikin wannan tantani. Kuma kowace mace ta bar asibiti da takarda a rubuce: wace roba aka cire, cikakkiya ko fasasshiya, wane sashe na tantanin aka ɗebe, wane aka bari, da dalilin barinsa.